Muryar Iya Kuluwa a Fadamar Kurma

Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidan kakarmu bayan sallar isha'i, sai muka jiyo sautin garaya daga can bayan gari. Mu ba mu damu ba. Yaya Lantana ce kawai hannunta ya tsaya cak. 'Yar wan babanmu ce, ta girme mu nesa ba kusa ba, ta zo ganin gida ne daga ƙetaren gulbi inda take aure.

Ta kasa kunne har kiɗan ya ɓace. Sannan ta ce a hankali, "Allah ya jiƙan Iya Kuluwa."

Ƙanwata Saude ta ce, "Wace ce kuma haka, Yaya?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku matso. Ku rage fitilar nan. Kuma kar wadda ta katse ni da shirme."

Muka matso har gwiwoyinmu suna gugar juna. Ga abin da ta faɗa mana, yadda ta faɗe shi.

Ku ba ku san lokacin da na kwanta ba, kuna ƙanana. Ina budurwa ƙafafuna suka riƙe, bakina ya rufe. An je asibiti. An sha rubutu. An yi turare. Shiru. Baba ko sunan bori ba ya son ji, amma da ya ga kullum ƙara zubewa nake, sai ya ɗora ni a amalanke ya kai ni Tudun Kanya, gidan Iya Kuluwa. Bai shiga ba. A ƙofa ya tsaya, ya juya baya yana share ido da bakin riga.

Ita ce Magajiyar bori ta wannan yanki. Na zaci zan ga wata zabgegiyar mata mai jajayen idanu. Sai ga 'yar guntuwar tsohuwa, hannu duk warin daddawa, don ita take sayarwa ranar kasuwa. Muryarta a dishe, kamar wadda ta wuni tana korar awaki daga gona. Ta leƙo fuskata ta ce, "Ke ce kika hana mutane barci? Tashi mu gani."

Ban tashi ranar ba. Amma kafin a yi girbi ni ke ɗebo mata ruwa.

Ita ta yi mini girka, wato zaman magani da ake yi wa wanda iskoki suka taɓa, har a san abin da suke so a sallame su. Nawa suka karɓi nasu suka tafi, ba su zauna a kaina ba. Ni ce na zauna. Baba ya aiko, ya sake aikowa, na ce tukuna.

Ba riƙon 'ya ta yi mini ba. Ƙawa ta mai da ni. Tsohuwa take kirana, wai don ba na dariya. Mu shiga daji haƙar saiwa tana ba ni labarin duk mazan da suka neme ta da abin da ya hana. Mu dawo mu yi faɗa a kan gishirin miya. In na juya baya ta cinye mini ƙanzo, ta rantse kaji ne. A hannunta na koyi wace saiwa ake jiƙawa, wace ake turarawa, da yadda ake zama da mai ciwo ba tare da an cika shi da magana ba.

Akwai wata iska da ke hawanta, ana ce mata Mai-Kurmi. Kun san 'yan bori, wanda iska ke hawa doki suke ce masa, in mace ce su ce goɗiya. To Iya ce goɗiyar Mai-Kurmi. Da zarar Baba Arzika, makaɗin garayarta, ya ɗauko taken, sai ku ga jikinta ya fara ɓari. Aikina in tare ta kar ta bugu, in lulluɓe ta da baƙin saƙi, in durƙusa in saurara. Daga cikin lulluɓin sai wata murya ta fito. Siririya. Kamar yaro na magana ta cikin kara. Mutane su kawo kukansu, wannan ɗansa ba lafiya, waccan ta yi ɓari, muryar ta faɗi abin da za a yi.

In an gama sai Iya ta yi atishawa ta dawo, gumi sharkaf. Ta kamo wuyan hannuna ta ce, "Tsohuwa, me aka ce?"

Kullum haka. Ko kalma ɗaya ba ta taɓa ji ba daga abin da ke fita bakinta. Ni ce kunnenta.

Da Barmo ya zo neman aurena, ya faɗa mini a fili cewa ba bori a gidansa. Na je wa Iya da kuka. Ta ce, "Tafi abinki. Namijin da ya faɗa miki tun a zaure ya fi wanda zai faɗa miki a ɗaka." Ita ta raka ni har bakin gulbi, tana tsokanata duk hanya don kar in ga idonta.

Da na haifi 'yata ta fari na roƙi Barmo ya sa mata Kuluwa. Ya yarda. Muka ɓoye sunan da Maijidda.

Iya ta rasu a tsakiyar marka. Gulbi ya cika ya batse, ba kwale-kwalen da ke ƙetarawa. Ko da labari ya iso mini an daɗe da rufe ta. Na zauna a ɗaki ina kallon ruwa yana zuba, ba ni da wanda zan yi kukan da shi, don a garin ba wanda ya san ta.

Ranar da aka ce ruwa ya ja, na goya Maijidda, na auni gero a ƙwarya don sadaka. Barmo ya ce in jira ranar kasuwa in bi mutane. Na ce ba zan iya ba.

Da muka ƙetare, mai kwale-kwale ya dubi sama ya ce, "Baiwar Allah, ki bi ta tudu. Kar ki yanke ta Fadamar Kurma. Rana ta take."

Na ce to. Amma hanyar tudu zagaye ce mai nisa, ga goyo, ga kaya. Fadamar kuwa na san ta kamar tafin hannuna, nan muke haƙar saiwa da Iya. Na yanke.

Saude ta ce, "Da rana tsaka fa kika ce, Yaya."

Yaya Lantana ta ce, "Wa ya ce miki sai da dare suke fita? Yi shiru ki ji."

Da farko ba komai. Shinkafa ta yi kore shar, kwaɗi na kuka, balbelu na tashi. Maijidda na 'yan ƙananan koke-koke saboda zafi. Ina tafe ina jijjiga ta.

Ban san lokacin da kwaɗin suka yi shiru ba. Na dai farga ba na jin komai sai numfashina. Ko ganye ba ya motsi.

A gindin wata giyayya na ga mace zaune. Ta ja mayafi ya rufe mata fuska har haɓa. Ga damin itace a gabanta.

Na yi sallama. Ba ta amsa ba. Ta ce, "Taya ni."

Ai kun san ba a wuce mai neman taimakon ɗaukar kaya. Na sauke ƙwaryata, na kama gefen damin. Itacen a jiƙe yake, da sanyi kamar daga ƙasan rijiya aka tsamo shi. Na tattara ƙarfi na ɗaga. Saura kaɗan in faɗi ta baya. Ba nauyi ko kaɗan. Kamar na ɗaga kwandon da ba komai a ciki.

Ta ce, "Hanyarmu ɗaya."

Na ɗauki ƙwaryata na yi gaba. Ta biyo ni.

Hanyar duk laka ce. Ina jin ƙafata, caɓal, caɓal. Ina jin takalmina na maƙalewa ina fizgowa. A bayana ba na jin komai. Amma na san tana nan, don sanyin itacen na taɓa ƙeyata.

Na sunkuya kamar zan gyara takalmi, na leƙa ta ƙarƙashin hammata.

Sawuna ne kaɗai a kan hanya, ruwa na cika su. Ƙafafunta kuwa a bushe suke, fari fat kamar ta taka toka. Ciyawar da take tsaye a kai ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Na miƙe. Na kama a'uzu, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na ƙara sauri. Sanyin bai bar ƙeyata ba.

Sai Maijidda ta daina kuka. Na ji ta murɗa wuya tana kallon baya. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda jariri ke yi in ana masa wasa.

Sai aka yi tari a bayana. Gajeren tari, sau biyu a jere, da 'yar gyaran murya a ƙarshe. Tarin da na yi shekaru ina ji ta bayan zana kowace asuba.

"Tsohuwa."

A dishe. Sak.

"Tsohuwa, ba gaisuwa?"

Na tsaya cak. Hawaye kawai na ji suna zuba. Na ce, "Iya?"

"Kin rame. Barmon ba ya ba ki abinci ne?"

Wallahi abin da za ta ce ke nan. Da ita ce a raye, da wannan za ta fara. Wuyana ya fara juyawa da kansa. So nake in ga fuskarta ko sau ɗaya, tunda ban samu na ga an fita da ita ba.

Sai sanyin itacen nan ya ɗigo mini a kafaɗa. Na tuna ƙafafun. Na tuna muryar da ta ce taya ni a gindin giyayya. Siririya ce. Na san ta. Baƙin ciki ne ya toshe mini kunne ban gane ba tun farko.

Na durƙusa a cikin lakar, baya gare ta, idona a ƙasa, yadda muke yi a gaban lulluɓi. Na ce, "Ranki ya daɗe, Mai-Kurmi. Na gane ki."

Sai dariya, ta cikin kara. "Kunnen Kuluwa. Har yanzu yana ji."

Na ce, "Gaisuwar mutuwa zan je. A ba ni hanya."

"Goɗiyata ta faɗi. Tun ranar a ƙasa nake tafiya. Na gaji."

"Allah ya ba ki wata."

"Ya ba ni."

Na ce, "Ni matar aure ce. Na bar wannan hanya, da yardar Iya na bar ta."

Ta matso. Ban ji takunta ba, inuwar damin kawai na ga ta rufe tawa. Ta ce, "Shekara da shekaru Kuluwa ta ɗauki muryata. Yanzu ni ke ɗauke da tata. Ki karɓe ni, ta zauna a gidanki. Duk ranar da kika so hira, ku yi."

Sai ta sake juyawa zuwa disasshiyar muryar nan, a tausashe. "Tsohuwa, ba kya kewata?"

Ku yara ne, ba ku rasa kowa ba tukuna. Ba za ku gane ba. Na so in ce to. Na manta da Barmo, na manta da Baba, na manta da komai. Bakina har ya buɗe.

Sai na ga Iya a idon zuciyata, gumi sharkaf, ta kamo wuyan hannuna tana tambaya me aka ce. Na ce, "Ranki ya daɗe, goɗiya ba ta jin mahayinta. In na karɓe ki, kowa zai ji Iya a bakina ban da ni."

Ba ta musa ba. Ruwan itacen na ɗiga, ɗis, ɗis, a kan laka.

Can ta ce, "To wadda ke bayanki."

Na kai hannu biyu na dafe goyona.

"Ba na gaggawa. Zan jira ta girma. Yaya sunanta?"

Ba a yi wa iska ƙarya, tana ganewa, kuma ba ta yafewa. In kuwa na faɗi gaskiya, sunan da ta saba kira ne shekara da shekaru. Kamar in miƙa mata linzami da hannuna. Na datse haƙora.

"Yaya sunanta?"

Na ji ana taɓa ƙafar Maijidda ta gefen zanen goyo. Yarinyar na ta dariya.

"Yaya sunanta?"

Muƙamuƙina ya fara saki. Ba ni ke sakinsa ba. Na ji harshena ya tashi, na ji sautin farko na sunan ya taho maƙogwarona, na kasa mayar da shi.

Sai aka daka mini tsawa.

"Ke Tsohuwa, rufe bakinki! Tashi ki ba ni wuri, sakarya kawai!"

Disasshiyar muryar ce, amma ba tausasawa a cikinta ko kaɗan. Irin tsawar da ta taɓa yi mini ce wata rana da na kusa dafa kububuwa a gindin kalgo. Bakina ya rufe gam, har na ciji harshe. A bayana siririyar muryar ta yi ƙara, disasshiyar ta danne ta, suka sarƙe a maƙogwaro ɗaya kamar an zuba zakaru biyu a buhu.

Na zabura. Ƙwaryar gero ta kife, ban tsaya ba. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi. Ina gudu ina dafe da yarinya, ƙaya na yagar ƙafata, ban waiwaya ba. Sai da na ji kukan jaki da muryar masu noma a kan tudu sannan na san na fita.

A zauren gidan Iya na zube. Baba Arzika na zaune shi kaɗai, ya tsufa ƙwarai a 'yan watannin, garayarsa a rataye a bango ba tsirkiya. Ya dubi ƙafata ɗaya ba takalmi, ya dubi lakar da ke gwiwoyina. Ya ce, "Ta fadama kika biyo."

Na ɗaga kai.

Ya ce, "Kin faɗi sunan yarinyar?"

Ban gaya masa an tambaya ba. Na ce, "Ban faɗa ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Kwance ta mu gani."

Na kwance goyon. Maijidda na barcinta lafiya lau, jikinta ba zafi. Amma a idon sawunta na hagu akwai zare, baƙi da ja a murɗe, da ƙwayar farin wuri guda ɗaya a jiki. Da na goya ta da safe ba komai a ƙafarta. Ni na yi mata wanka.

Baba Arzika ya kawo ƙafar kusa da idonsa, ya juya zaren da ɗan yatsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ƙullin Kuluwa ne. Shi take yi wa jarirai don iskoki su gan su su wuce. Ba mai irin wannan ƙulli a duk ƙasar nan."

Na fashe da kuka. Na ce, "Ashe ita ce. Ita ta cece mu."

Ya ajiye ƙafar yarinyar a hankali.

Na ce, "Baba, ba ita ba ce?"

Ya ce, "Lantana, ina wurin ranar da Kuluwa ta fara yin wannan ƙulli. A cikin lulluɓi take. Mai-Kurmi ce ta koya wa hannunta."

Na ce, "To in tsinke shi?"

"In tsari ne, kin cire mata tsari."

"In bar shi?"

"In shaida ce aka yi mata, kin bar shaida." Ya girgiza kai. "Mai ba ki amsar nan tana kwance a bayan gari."

Da la'asar aka raka ni kabarinta. Na yi mata addu'a. Na zauna a gefe na yi ta ba ta labarin abin da ya faru, tun daga kwale-kwale har zaure, yadda na saba gaya mata me aka ce. Karo na farko ke nan da na gama ba ta ce komai ba.

Zaren ban tsinke shi ba. Na kasa. Kowace safiya in duba shi, kowane dare in tofa mata addu'a. Ranar da na yaye ta, na tashi na tarar ya faɗi da kansa a kan tabarma, ƙullin bai kwance ba, zaren bai tsinke ba. Na haƙa rami a bayan ɗaki na binne shi. Yarinya lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Ina gode wa Allah. Amma har yau in ta yi shiru da yawa sai na kira ta na ji da wace murya za ta amsa.

Nan Yaya Lantana ta tsaya. Ba wadda ta ƙara ɓare ko ƙwaya ɗaya a cikinmu. Saude ta cusa ƙafafunta a ƙarƙashin zanena.

Yaya ta ce, "Saboda haka ku ji ni da kyau. Duk wadda aure ko zumunci ya kai ta Tudun Kanya, ta bi ta tudu, ko da za ta kai magariba a hanya. Fadamar Kurma ba a shigarta mutum ɗaya, ko da rana ko da dare. In kuma wani ya ce ku taya shi ɗaukar kaya a inda ba kowa, ku fara duban ƙasa kafin ku miƙa hannu."

Na daure na ce, "Yaya, ke kin sake bi?"

"Ban sake ba."

"Saboda tsoron Mai-Kurmi?"

Ta jawo kwandon gyaɗa gabanta, ta ɗauki guda ɗaya tana juyawa a hannu ba ta fasa ba.

Ta ce, "Na san kaina. In na sake jin ta ce Tsohuwa, tsayawa zan yi."